Cinikin Biri A Sama: Gargaɗi Ga Masu Sayen Kwikwiyo Ta Intanet

Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar nan sun san ƙa'idar cinikin dabba. In mutum ya shiga kara zai sayi sa, ko rago, ko doki, ba ya sa hannu aljihu sai ya kewaya dabbar nan ya dube ta gaba da baya, ya buɗe bakinta ya ga haƙora, ya sa an ja ta ta yi taku don ya ga ko tana ɗingishi. Ga dillali tsaye wanda ya san mai ita, ya san garinsu, in wata magana ta taso gobe shi za a nema. Sai an gama wannan duka sa'an nan a yi tayi, a sallama, a ƙirga kuɗi gaban shaidu. Wanda ya ba da kuɗinsa kan abin da bai gani ba kuwa, shi ne Hausawa ke cewa ya yi cinikin biri a sama.

To, ga shi zamani ya kawo wata kasuwa wadda ba ta da rumfa, ba ta da dillali, ba ta da Sarkin Kasuwa, watau intanet. Cikin abubuwan da a ke talla a can har da 'yan kwikwiyo. A wurinmu aikin kare sananne ne: gadin gida, da tsaron garke, da farauta. A birane kuwa yanzu ma'aikata da 'yan kasuwa sun shiga neman manyan karnukan ƙasashen waje don gadi, kamar na Jamus wanda mu ke kira karen 'yan sanda, da Rotwaila, da Burbul na Afirka ta Kudu. Kuɗin ɗan kwikwiyo ɗaya daga cikin waɗannan ya kan haura albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Duk inda kuɗi irin wannan ke yawo kuwa, ba a rasa mazambata.

Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda wannan zamba ta ke, da inda ta fi ƙarfi, da yadda mutum zai kuɓuta. Maganarmu duka a kan abu guda ta tsaya: kada kowa ya biya ko kwabo sai ya ga kwikwiyon tare da uwarsa a gidan da aka haife shi, da idonsa ko da idon wakilin da ya amince da shi.

Inda Abin Ya Fi Ƙamari

Wannan zamba ta fi yawa a Amurka, da Kanada, da Ingila, da Ostareliya, inda mutane ke ajiye kare cikin ɗaki kamar ɗan gida, su kuma biya kuɗi masu yawa don su sami irin da su ke so. A Amurka da Kanada akwai wata ƙungiya mai suna Better Business Bureau, wadda ke karɓar kukan masu saye tana bin diddigin 'yan kasuwa. Cikin 2017 ta fid da rahoton bincike kan wannan al'amari, ta ce mai yiwuwa ne aƙalla kashi 80 cikin 100 na tallan da a ke biya a sa, waɗanda ke fitowa in mutum ya nemi dabbar gida a intanet, na ƙarya ne. Watau cikin talla 10, mai yiwuwa 2 kaɗai ke da kare a bayansu.

Da annobar korona ta zo cikin 2020 sai abin ya daɗa ƙaruwa. Mutane na kulle a gida, kaɗaici ya dame su, suna neman abin da zai ɗebe musu kewa. Mazambata kuma suka sami hujjar da ba su taɓa samun irinta ba, don in mai saye ya ce zai zo ya gani sai su ce dokar kulle ta hana. A shekarar nan ƙungiyar da muka ambata ta sami ƙararraki wajen 4,000, in kuma aka jera asarar mutane daga ƙarama zuwa babba, ta tsakiya dala 750 ce. A Ingila, ofishin karɓar rahoton zamba na wancan lokaci mai suna Action Fraud ya ba da labari cewa cikin watan Maris da Afrilu na 2020 kaɗai mutum 669 sun yi asarar fam 282,686 wajen ba da kafin alƙalami kan dabbobin da ba su taɓa isowa ba. Waɗanda suka kai kuka ke nan. Waɗanda kunya ta sa suka haɗiye abin ba su shiga lissafi ba.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Rahoton 2017 ya bi sawun da yawa daga cikin mazambatan har zuwa Kamaru, maƙwabciyarmu, ya kuma nuna suna da abokan aiki a cikin Amurka masu karɓar musu kuɗi. Wannan ba laifin ƙasa ba ne, aikin waɗansu 'yan tsiraru ne, ɓarawo kuwa ba shi da gari. Amma dabarar da aka gwada kan Ba'amurke ita ce dai a ke gwadawa kan mutumin Kano ko Kaduna a Facebook, da Instagram, da WhatsApp. Sunan kuɗin kaɗai ya sake.

Yadda Su Ke Ɗana Tarkon

Da fari mazambaci zai buɗe shafi mai kyan gani, ya sa masa sunan gidan kiwon karnuka. Hotunan da zai jera ba nasa ba ne, daga shafin wani mai kiwo na gaskiya ya kwashe su. Har da wasiƙun yabo na waɗanda wai sun saya sun ji daɗi, alhali shi ya rubuta su da hannunsa. Sai ya sa kuɗin da bai kai na kasuwa ba, ya ce saura kwikwiyo biyu. Wani ma ya kan ce kyauta zai bayar don an yi masa canjin wurin aiki, kuɗin kawowa kaɗai za a biya.

In ka yi masa magana za ka same shi mai fara'a da ladabi. Shi zai riƙa yi maka tambayoyi: kana da fili a gida? Kana da yara? Za ka kula da shi? Wannan duk don ka ɗauka mutum ne mai tausayin dabbarsa. Da ya ga zuciyarka ta kwanta sai ya ce wani ma ya taya, in kana so a ajiye maka sai ka ba da kafin alƙalami yau yau. In ka ce za ka zo ka gani, sai uzuri ya fara: ya yi tafiya, ko garin na da nisa, ko likita ya hana baƙi shiga don kada su kawo cuta.

Da ka biya na farko, sai wani kamfanin sufuri ya aiko maka da wasiƙa mai hatimi, da lambar bin sawun kaya, da shafin da zai nuna maka wai kwikwiyonka na kan hanya. Kamfanin nan shi ne dai mazambacin, ya sake riga. Bayan kwana ɗaya a ce an tsare kwikwiyon a filin jirgi, sai an sayi keji na musamman mai daidaita zafi da sanyi. Ka biya, a ce saura inshora. Ka biya, a ce saura allura, ko takardar izini, ko kuɗin killacewa. Kowane ɗaya za a ce maka ajiya ce, za a mayar maka ranar da aka kawo shi. A nan gida salon ya kan zama na tasha: wai an ɗora shi a mota, sai wani ya buga waya ya ce shi ne direba, an tsare su a hanya, sai an kawo wani abu.

In ka gaji ka ce ba za ka ƙara ba, sai fara'a ta koma barazana. A ce kwikwiyon zai mutu da yunwa cikin keji, alhakinsa na wuyanka, har ma za a kai ka ƙara kan laifin yasar da dabba. Masu karatu su lura da abin da ke riƙe mutum a nan. Abu biyu ne: tausayin dabbar da ba ta ma wanzu ba, da baƙin cikin kuɗin da suka riga suka tafi. Mutum ya kan ce, tun da na ba da wancan, bari in cika wannan don kada na farko ya salwanta. Mazambacin ya san da haka, shi ya sa ba ya faɗin kuɗin gaba ɗaya, sai kaɗan kaɗan.

Shari'u Biyu

Don kada a ce zance ne kawai, ga misali biyu daga takardun kotu. Cikin watan Disamba na 2020 aka kama wani ɗan Kamaru a ƙasar Romaniya, cikin 2021 aka miƙa shi ga Amurka don a yi masa shari'a a birnin Pittsburgh. Takardun ƙara suka ce shi da abokansa suna tallan 'yan kwikwiyon da babu su, in an biya sai su ce dabbar ta yi cuɗanya da mai korona, sai an ƙara kuɗi kafin a sake ta. Cikin takardun jabun da suka aika wa mutane har da wata ta lamunin kuɗin keji da allura, wadda wai Kotun Ƙoli ta Amurka ce ta bayar, da hatiminta da sa hannun magatakarda. Duk wanda ya san aikin ofis zai yi dariya, don ina ruwan Kotun Ƙoli da kejin kare? Amma wanda hankalinsa ya tashi ba ya tsayawa ya yi wannan tambaya.

Na biyu, cikin watan Afrilu na 2022 kamfanin Google ya shigar da ƙarar wani mutum da ke zaune a Kamaru a wata kotun tarayya ta Jihar Kalifoniya, bisa zargin yana amfani da akwatunan wasiƙa da lambobin waya na kamfanin yana tallan wani irin kare mai dogayen kunnuwa da gajerun ƙafafu, wanda a ke kira baset. Takardar ƙarar ta ba da labarin wani da aka ce ya biya dala 700 da katunan sayayya, da ya biya sai aka ce ya ƙara dala 1,500 kafin a kawo. Kwikwiyo dai bai zo ba.

Zamba Ta Biyu: Akwai Karen, Amma Ba Shi Ba Ne

Akwai wata cuta kuma wadda ta fi wannan wuyar ganewa, don ita ana kawo maka kwikwiyo har gida. Sai dai ba wanda ka gani a hoto ba ne. Ko ya zama ruwa biyu aka ce maka tsantsa ne, ko an raba shi da nono tun bai isa ba, ko yana ɗauke da ciwo. Kwikwiyo yana ƙarami da wuya a rarrabe irinsa, sai ya yi wata huɗu ko biyar sa'an nan kamanninsa na ainihi su bayyana, lokacin kuwa mai sayarwa ya sake lambar waya.

Ciwon da ya fi kashe su a wannan hali shi ne wanda likitocin dabbobi ke kira fabo, mai sa amai da zawo da jini. Ƙwayar cutar ta kan yi kwana 3 zuwa 7, wani lokaci fiye, cikin jiki kafin ta nuna, saboda haka kwikwiyo na iya zuwa yana wasa ran Litinin, ran Juma'a ya kwanta. Ya kan fi yaɗuwa a wuraren da a ke tara karnuka da yawa cikin ƙazanta ana sa su haihuwa ba hutu, da wurin 'yan tsakiya masu saro kwikwiyo daga nan da can su haɗa su keji ɗaya.

Wannan ne ya sa a Ingila aka yi doka wadda ta fara aiki ran 6 ga Afrilu 2020, ta hana ɗan tsakiya sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa wanda bai kai wata 6 ba. Mai so sai ya tafi wurin mai kiwon da aka haife shi a hannunsa, ko gidan da a ke riƙon dabbobin da aka yasar. Ana kiran dokar da sunan wata karya, Lucy, wadda aka ceto daga irin wannan gidan kiwo a yankin Wales bayan ta sha wuya. Dokokinsu kuma sun tilasta wa mai kiwo mai lasin ya nuna kwikwiyo tare da uwarsa, kada kuma ya sayar da shi kafin ya cika mako 8. Watau abin da gwamnatinsu ta mai da doka, shi ne abin da kakanninmu ke yi a kara.

A Ga Uwa Tukuna

Malaman makaranta sun sha nuna wa yara cewa ƙugiya ɗaya ce tsakanin karya da ƙarya. A wannan ciniki ma haka abin ya ke: in ba a nuna maka karyar da ta haifi kwikwiyon ba, to, ka sa ƙugiyar. Ganin uwa shi ke warware yawancin tambayoyi gaba ɗaya. Shi zai nuna maka akwai kwikwiyon, a gidan aka haife shi, ga irinsa, ga girman da zai yi, ga halin da zai iya gada. Ka duba ko nonuwanta na nuna ta shayar kwanan nan, ka ga ko 'ya'yan na bin ta tana sakewa da su, don waɗansu su kan aro wata karya su ɗaure a gefe saboda baƙi.

Ka duba shi kansa kamar yadda za ka duba rago. Ido garau ba kwantsa, hanci ba majina, ciki bai kumbura ba, gindi ba alamar zawo, jiki ba kaska ko ƙuma. Haƙora za su gaya maka kwanakinsa. Kwikwiyo ya kan buɗe ido wajen mako 2, haƙoran nono su fara fitowa wajen mako 3, su cika 28 wajen mako 6 zuwa 8. In an ce maka ya yi wata biyu, ka ga bakinsa bai cika ba, yana tangaɗi in ya yi tafiya, an ƙara masa kwana. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba.

Lissafi ma na taimako. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma galibi sau biyu a shekara ta ke neman namiji. Saboda haka wanda ya ce karya biyu gare shi, amma kowace rana ta shekara yana da 'yan kwikwiyo iri biyar a shirye, ko dai ɗan tsakiya ne ko maƙaryaci.

In za ka tafi gani, tafi da rana, da abokin tafiya, kada kuma ka ɗauki kuɗi a jiki zuwa wurin da ba ka sani ba. Kada ka yarda a haɗu a tasha ko a gidan mai a miƙo maka kwikwiyo cikin kwali. In garin ya yi maka nisa, nemi ɗan'uwa ko abokin aiki a can ya je a madadinka, ko ka biya likitan dabbobi na garin, wanda kai ka zaɓa, ya je ya duba. Kuɗin motar wakili bai kai rubu'in abin da za ka rasa ba.

Gwaji Kafin Tafiya

Akwai gwaje-gwaje da mutum zai yi daga inda ya ke zaune, don ya tace waɗanda bai kamata ma ya ɓata musu lokaci ba. Na ɗaya, ɗauki hoton tallan ka sa a manemin hotuna na Google ko TinEye. In hoton nan ya fito a shafuffuka da yawa, da sunaye dabam dabam, a ƙasashe dabam dabam, magana ta ƙare. Na biyu, kwafi jimla ɗaya daga bayanin tallan ka nema, don su kan kwashe rubutun wani kamar yadda malalacin ɗalibi ke kwafar jarrabawa. Na uku, akwai wuraren da a ke duba ranar da aka yi rajistar sunan shafin intanet. Wanda ya ce ya shekara 15 yana kiwo, amma shafinsa bai fi wata ɗaya da buɗewa ba, sai ya yi bayani.

Na huɗu, nemi kiran bidiyo kai tsaye, a lokacin da kai ka zaɓa. Ka ce ya ɗaga kwikwiyon, ya juya shi, ya nuna uwar da sauran 'yan'uwansa, ya kewaya da kai harabar gidan, ya riƙe takarda mai sunanka da kwanan watan ranar. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Amma a lura, yanzu akwai na'urori masu ƙirƙirar hoto da gajeren bidiyo na abin da bai taɓa faruwa ba, saboda haka hoto ko bidiyon da aka aiko maka a shirye ba shaida ba ne. Kiran kai tsaye ma rariya ce ta farko kawai, bai ɗauke maka zuwa ba.

Na biyar, san kuɗin kasuwa. Tambayi masu kiwo uku ko huɗu da likitan dabbobi na garinku. In kowa ya faɗi kuɗi kusa da juna, wani ya zo da rabin wannan, ruwa ba ya tsami banza.

Takardu Da Allurai

Mai kiwo na gaskiya zai ba ka katin allura mai sunan likita, da sa hannunsa, da kwanan wata. A kan fara allurar rigakafin fabo da 'yan'uwanta a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har kwikwiyo ya kai wajen mako 16. Ta haukan kare kuwa wajen wata 3 a ke yi. Saboda haka in an nuna maka kwikwiyo ɗan mako 7 aka ce ya gama alluransa duka, katin ƙarya ne. Nemi lambar likitan ta wata hanya dabam, ba wadda mai sayarwa ya ba ka ba, ka tambaye shi ko ya san karnukan nan.

Kada a raina zancen haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare su ke ɗauka. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Kwikwiyon da ba a san asalinsa ba, yara ne za su fara wasa da shi. A ƙasar nan cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ta faro tun 1924, tana yin alluran rigakafin dabbobi, har da na haukan kare. Da ka karɓi kwikwiyo, kai shi asibitin dabbobi cikin kwana biyu ko uku.

Takardar asali ta ƙungiyoyin karnuka, kamar Kennel Club ta Ingila da aka kafa cikin 1873, ko American Kennel Club ta 1884, rajistar zuri'a ce kawai, ba lamunin lafiya ba ce, ana kuma buga jabunta. Haka kuma a ƙasashe da yawa ana sa wa kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai lambobi 15. A Ingila wannan tilas ne tun 2016. In an ce kwikwiyo daga waje ya zo, sa likita ya karanta lambar da ke jikinsa ya gwada ta da ta takarda. Shigo da kare daga wata ƙasa kuwa sai da izinin hukumomin dabbobi da takardar lafiya, ba aikin kwana biyu ba ne. Amurka ma, tun daga 1 ga Agusta 2024, ba ta barin a shiga da karen da bai kai wata 6 ba. Duk wanda ya yi wa mazaunin can alkawarin aiko masa ɗan mako 8 daga wata ƙasa, ya yi alkawarin abin da doka ta hana.

Hanyar Biya

Akawunan da ke karanta wannan sun san ma'aji ba ya biyan bauca sai an haɗa ta da takardun da ke nuna kaya sun iso, an kuma duba su. Mutum ya riƙe kuɗin gidansa da wannan ƙa'ida. Biya ya zama hannu da hannu, ranar karɓa. A rubuta yarjejeniya mai sunan mai sayarwa, da inda ya ke zaune, da irin karen, da ranar haihuwarsa, da abin da za a yi in likita ya same shi da ciwo cikin kwanakin da aka ƙayyade. A karɓi rasit. In mai kiwon da ka riga ka ziyarta ya nemi kafin alƙalami don ya ajiye maka ɗan da bai isa yaye ba, wannan ba laifi, muddin an rubuta.

Mazambata sun fi son hanyoyin da kuɗi ba ya komowa: katin sayayya da za ka karanta musu lambobinsa, ko kuɗin intanet irin su Bitcoin, ko aike ta waya zuwa wata ƙasa. Ba ɗan kasuwar kirki da ke karɓar kuɗin kare da katin kanti. In ta banki za ka aika, duba sunan da ya fito kafin ka danna. In ba sunan wanda ka ke magana da shi ba ne, ya ce asusun matarsa ne ko na yaronsa, dakata. Kada kuma ka aika wa baƙo hoton katin shaidarka ko lambobin sirri na banki wai don a cika takardar sufuri.

In An Riga An Faɗa

Wanda abin ya riga ya same shi, abu na farko ya daina biya nan take, kome barazanar da aka yi masa. Ba kwikwiyon da zai mutu, ba kuma kotun da za ta neme shi. Na biyu, ya sanar da bankinsa cikin sa'ar nan, don wani lokaci a kan iya tsare asusun kafin a kwashe kuɗin. Na uku, ya adana kome: hotuna, da saƙonni, da lambobin waya, da lambar asusu, da rasit. Sa'an nan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda aka kafa cikin 2003, ya kuma sanar da masu shafin da ya ga tallan don su sauke shi. Dokar zambar karɓar kuɗi kafin kaya ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015. A yi hattara da waɗanda za su zo daga baya su ce za su ƙwato maka kuɗinka in ka ba su lada tukuna. Sau da yawa su ne dai na farko suka komo.

Ba mu ɓoye muku ba, kuɗin da suka tafi ta wannan hanya da wuya su komo. Amma faɗar abin ba abin kunya ba ne, don masu ilmi da manyan ma'aikata ma an cuce su, kuma shirun wanda aka cuta shi ne jarin mazambaci.

Daga ƙarshe muna da roƙo ga malaman makaranta. Waɗannan mutane ba su cika karɓar kuɗi da asusunsu ba, sai su nemi samari su ara musu nasu a ba su ɗan wani abu. Ranar da bincike ya zo, sunan yaron ne a takarda, shi za a fara kamawa. Ku gaya wa almajiranku wannan tun ba su kai ga buɗe asusu ba. Ma'aikatan ofis kuma, ku ne mutane ke kawo wa waya su ce a duba musu wannan talla ko gaskiya ne. In an kawo muku, ku yi tambaya ɗaya: wa ya je ya ga uwar? In babu wanda ya je, to, kuɗin su zauna a aljihu har a je. Gani ya kori ji.